Sanin Allah mai zurfi ba na fasto kaɗai ba ne

A majami'un Damagaram an daɗe ana jin wannan magana: "Ni ban yi makarantar Baibul ba, wannan sai fasto." Da yawa sun ɗauka zurfin sanin Allah na masu takardar shaida ne, sauran jama'a kuwa su zo ran Lahadi, su yi waƙa, su ce amin.

Littafi Mai Tsarki bai goyi bayan haka ba. A Ayyukan Manzanni 18, Afolos mutumin Iskandariya ne, gwanin magana, ya san Nassi sosai. Amma su wa suka ja shi gefe a Afisa suka ƙara masa haske a kan hanyar Allah? Akila da matarsa Bilkisu, masu ɗinkin tanti, 'yan sana'ar hannu kamar dukawanmu na Birni. Bitrus da Yahaya ma, a sura 4, majalisar Yahudawa ta gane ba su yi karatu mai zurfi ba.

Wataƙila tunanin ya samo asali tun zuwan 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) Zinder, wato Damagaram, a 1924, lokacin da masu iya karatun boko kaɗan ne, cikakken Littafi da Hausa kuma sai 1932 ya fito. Dole a jira mai karantawa.

Makarantar Baibul tana da amfaninta, ba musu: tarihi, harsunan asali, tarbiyyar wa'azi. Amma yau Littafin yana cikin salula, har da na saurare don wadda ba ta karatu, tana tuƙa tuwo tana jin wasiƙar Romawa.