Baƙaƙen Ingilishi biyu da ba a saba ganinsu tare ba: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ake rubuta k a farkon knife da knee, amma ba a furta ta?

Domin a da ana furta ta. Har wajen ƙarni na 17 Turawan Ingila suna fitar da k ɗin a knee, wato gwiwa, da knife, wuƙa, da knot, ƙulli. Baki ya gaji ya yar da ita, amma rubutu ya riga ya kafu tun bayan da William Caxton ya kawo injin buga littafi Ingila a 1476. Jamusanci, ɗan'uwan Ingilishi, har gobe yana furta k a Knie. Haka labarin gn yake a gnaw, gaigaya, da wr a write, rubuta.

Su kuma ps da pn da pt?

Waɗannan daga Girkanci aka aro su, kuma a can ana furta p ɗin. A Ingilishi a farkon kalma takan yi shiru: psalm waƙa ce daga Zabura, psychology ilimin halayyar ɗan Adam, pneumonia ciwon huhu. A tsakiyar kalma sai ta dawo. Pter ɗin helicopter, mai nufin fiffike, shi ne dai na pterodactyl, wata tsohuwar halitta mai tashi da ta ƙare. A na farko ana jin p, a na biyu babu.

Debt da doubt fa?

Nan ƙaƙale ne na malamai. Kalmomin sun shigo daga Faransanci ba b, sai masana suka cusa ta don su yi kama da Latin debitum da dubitare. Debt bashi ne, doubt kokwanto, kuma b ɗin ba ta taɓa yin sauti a cikinsu ba.

Ina Bahaushe ya fi tuntuɓe?

Wuri biyu. Bokon Hausa ya koya mana furta duk abin da aka rubuta, kuma harshenmu yakan soka wasali tsakanin baƙaƙe, yadda bread ya zama burodi. Shi ya sa ake jin "kinaif" maimakon "naif". Na biyun ya fi wayo: wanda ya haddace cewa g shiru take a sign sai ya yar da ita a signature, alhali can ana furta ta. Haka b a bomb da bombard, da n a autumn da autumnal. Idan ɗafi, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma, ya raba baƙaƙen biyu zuwa gaɓa daban-daban, a duba ƙamus kafin a haɗiye harafin.