Makarantar kuɗi ba ita ce tabbacin ilimi ba

A Gombe, daga Bolari har Pantami, iyaye da yawa sun ɗauka muddin yaro na sanye da yunifom mai tsada yana yaɓa Turanci, to ya yi ilimi. Ba haka abin yake ba.

Ƙa'ida a Najeriya ita ce malamin firamare ya mallaki aƙalla NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi. Makarantun gwamnati galibi suna da irin waɗannan malamai. Ciwonsu cunkoson aji da rashin sa ido. Ƙananan makarantun kuɗi kuwa, waɗanda ake buɗewa a gidan haya mai ɗaki huɗu, sau da yawa wanda ya gama sakandare bara ne ke riƙe da alli, albashinsa bai taka kara ya karya ba, zangon karatu bai ƙare ba ya gudu. Akwai nagartattu, ba shakka, amma kuɗinsu sai mai hali.

Kuma a ƙarshe WAEC da NECO ɗin nan dai kowa zai rubuta.

Kafin ka biya, nemi takardar rajistar makarantar, ka tambayi shaidar malamai. Sannan ka buɗe littafin ɗan aji uku, ka ce ya karanta maka layi biyu, ya faɗi ma'anarsu da Hausa.