Ɗigo

Ɗigo kalma ce da ta fito daga aikatau ɗiga, wato zubar ruwa kaɗan-kaɗan. Daga nan ta koma sunan 'yar alamar da bakin alƙalami ke bari a kan allo ko takarda. Ana amfani da ita a lissafin siffofi da kuma nazarin rubutu da harshe. Larabawa suna ce mata nuƙuɗa.

A lissafin siffofi, ɗigo wuri ne kawai, ba tsawo, ba faɗi, ba kauri. Da shi Iƙilidis na Iskandariyya ya buɗe littafinsa wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ya bayyana shi da abin da ba shi da ɓangare. Ɗigo biyu sun isa su tsayar da miƙaƙƙen layi, kuma inda layi biyu suka gicciye, ɗigo ne. Wanda malami ke dangwalawa da alli hotonsa ne kawai, domin alli yana da kauri.

Tarihinsa ya fi yawa a fagen rubutu. Rubutun Larabci na farko bai cika ɗauke da ɗigo ba, har baƙaƙe irin su ba da ta da sa suna iya rikicewa. Ana jingina wa Abul Aswad ad-Du'ali, wanda ya rasu wajen 688, fara sa ɗigo mai launi don nuna wasali. Ɗigon bambanta baƙaƙe kuwa ana danganta shi ga Nasru ɗan Asim da Yahaya ɗan Ya'amar, ko da yake an sami takardun da suka girme su ɗauke da shi.

A makarantar allo, ko a zangon Kumasi ko a Nima da Sabon Zango na Accra, "ruwa" ake ce wa wannan ɗigo. Yaro zai koyi ha ƙarami, sannan ha mai ruwa, wato wadda aka ɗiga mata ɗaya a ka. Abin sha'awa, kalmar ba ta rabu da asalinta ba, tawada ce ta ɗiga. A rubutun Magaribi da ake rubuta Warshu da shi, fa tana da ɗigo a ƙasa, ƙaf tana da ɗaya a sama. A bugun gabas kuwa fa ce ke da ɗaya a sama, ƙaf biyu. Shi ya sa almajirin da ya tashi da allo, ranar da ya fara buɗe Alƙur'ani bugun Madina, sai ya riƙa karanta fa a matsayin ƙaf har idonsa ya saba. Ajamin Hausa ya ari babban ɗigon imala na Warshu, wanda ake sawa a ƙarƙashin baƙi, don rubuta wasalin e.

Boko ma ya gaji wannan suna na "ruwa": ɗigo biyu a tsaye ruwa biyu ne, waƙafi da ɗigo a kansa waƙafi mai ruwa ne, na ƙarshen jimla kuma aya. Kafin a tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa a shekarun 1930, wasu Turawa kan sa ɗigo a ƙarƙashin k don rubuta ƙ. Masana harshe suna raba gaɓa da shi, kamar ma.ka.ran.ta.

Wajen rubuta kuɗin Ghana, ɗigo ne ke raba sidi da fesuwa.