Maigida, hudar cibiya ta warke, ɗinkin ciki da saura

A wata ukun nan, mata huɗu aka dawo mana da su ɗakin mata na asibitinmu a nan Katsina, duk an yi musu aikin laparoskofi, wanda mutanenmu ke kira aikin kyamara, kuma duk matsalarsu ɗaya: an koma saduwa kafin ɗinkin ciki ya warke. Ta ƙarshe da asubahin fari aka kawo ta, zanenta ya jiƙe da jini, kwana 19 kacal da cire mata mahaifa. Na ja mijin gefe na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malama, na duba cikin, 'yar huda ce, har ta bushe."

'Yar huda ce. Wannan maganar ta ishe ni.

Gaskiya ne, abin da kake gani a waje huda uku ne ko huɗu, kowace kamar santimita ɗaya ko ƙasa da haka, ɗaya a cibiya, sauran a mara. Amma ta nan likita ya zura kayan aiki ya yanka, ya ƙona jijiyar jini, ya ɗinke. Aikin yana ciki inda idonka ba ya kaiwa. Fata takan haɗe cikin mako ɗaya ko biyu, naman ciki kuwa ba ya sauri haka. In mahaifa aka cire, akwai ɗinki a can ƙarshen gaban mace, daidai inda saduwa take taɓawa. Ka matsa masa kafin ya kama, ya ɓalle, har hanji na iya sauko wa ta wurin. Sai a koma tiyata cikin gaggawa, a nemi jini, a sake kashe kuɗin da aka sayar da tumaki aka haɗa.

Haba 'yan'uwana maza. In matarka ta haihu, kana haƙuri har ta yi arba'in, ba wanda ya taɓa mutuwa saboda haka. Matan da ake yi wa gyaran yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga watanni ake ce su ƙaurace wa shimfiɗa, kuma mazan kirki suna jira. Me ya sa wannan aikin kaɗai kuke rainawa? Don ba a tsaga ciki ba?

Ke ma 'yar'uwa, ina da magana da ke. Na san abin da ke ranki. Ranar girkinki ta zagayo, kina tsoron a ce kin zama marar amfani, kina tsoron abokiyar zama ta yi gaba. Sai ki cije, ki ce kin warke, alhali ko sunkuyawa ki ɗauki buta ba kya iyawa sai kin dafa bango. Wasu har matsi da kayan mata suke cusawa don su burge. Kada ki sa komai a gabanki, komai, ko wace ce ta ba ki. Addininmu ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma jinya ba ta soke miki kwananki. Ya zo ɗakinki ku yi hira, ku ci abinci, ya kwana lafiya.

To yaushe ke nan? Maganar likitan da ya yi aikin ita ce gaba da ta kowa, amma ga abin da aka saba:

In dubawa kawai aka yi, ko ɗaurin mahaifa, ko cire ƙaramin ƙari a ƙwan mace: mako 1 zuwa 2, bayan jini ya ɗauke kuma ciwo ya lafa.
In ƙarin mahaifa aka cire: mako 4 zuwa 6, kuma ɗaukar ciki sai bayan watannin da likita ya ɗiba.
In mahaifar aka cire gaba ɗaya: mako 6 aƙalla, sau da yawa 8 zuwa 12, kuma sai an duba ɗinkin.
In cikin wajen mahaifa ne: ki sani za ki iya ɗaukar wani kafin al'ada ta dawo, don haka ki nemi tsarin tazara tun kafin sallama.

Ranar da aka koma shimfiɗa, a bi a hankali. In ta ce akwai zafi, a tsaya. Ciwon kafaɗa na kwana biyun farko iskar da aka hura a ciki ce, yana wucewa. Amma zazzaɓi, ruwa mai wari, jinin da ke cika audugar mata cikin awa ɗaya, ciwon mara mai tsanani, ko ruwa ya ɓalle bayan saduwa, waɗannan ba na kemis ba ne, ba na jiƙo ba ne. Ko daga Daura kuke, ko Mani, ko Jibiya, ku kama hanyar asibiti a daren.

Ranar da aka rubuta a katin dawowa, maigida ka biyo ta, ka shigo ciki, kada ka tsaya a gindin bishiya wajen babur. In kunyar likita kake ji, ka neme mu ma'aikatan ɗakin mata, mu za mu tambayar maka.