Bangaskiyar Kirista da zaɓen jam'iyya a Sakkwato

Daidaita bangaskiyar Kirista da zaɓen jam'iyya batu ne da ya shafi yadda mai bin Almasihu yake tsai da shawara kan jam'iyyar da zai shiga da ɗan takarar da zai ba ƙuri'arsa, ba tare da ya saɓa wa lamirinsa ba. A Sakkwato batun yana da nasa kamanni. Kiristoci tsiraru ne a cibiyar Daular Usmaniyya, kuma a zaɓen gwamna da na 'yan majalisa manyan jam'iyyu Musulmi suke tsayarwa. Don haka tambayar "namu ne ko nasu?" ba ta cika tasowa ba sai a zaɓen shugaban ƙasa. A zaɓen jiha, abin da Kirista yake aunawa shi ne wane ne zai riƙe amana a cikin Musulmin da suka fito.

Masu ƙuri'ar

Yawancin Kiristocin Sakkwato mazauna birni ne: 'yan kasuwa Ibo da Yarbawa, mutanen ƙasar Zuru, 'yan kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, sojoji da 'yan sanda. Akwai waɗanda a nan aka haife su, Sakkwatanci ne a bakinsu, amma takardar shaidar asalinsu ta wata jiha ce. Wannan yana rage musu damar tsayawa takara, yana kuma sa wasu su yi rajistar zaɓe a garuruwan iyayensu, su kulle shago su tafi gida idan zaɓe ya matso.

Ɗarikar Katolika tana da dayosis, wato yankin da bishop yake kula da shi, a Sakkwato tun 1964, babban cocinta shi ne Holy Family, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ne yake jagorantarta tun 2011. Akwai Angilika, da ECWA, da Baftis, da majami'un Fentikos masu yawa. Duka suna haɗuwa a inuwar Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, wadda aka kafa a 1976.

Ayoyin da ake kafa hujja da su

Littafi Mai Tsarki bai san jam'iyya ko akwatin zaɓe ba, shi ya sa kowane ɓangare yake samun ayar da zai jingina da ita. Masu gudun siyasa suna kawo Yahaya 18:36, inda Yesu ya shaida wa Bilatus cewa mulkinsa ba na wannan duniya ba ne. Masu cewa a shiga suna kawo Matiyu 22:21, maganar ba Kaisar nasa a ba Allah nasa, da Romawa 13 kan biyayya ga mahukunta, sai a taka musu burki da Ayyukan Manzanni 5:29, cewa biyayya ga Allah ce a gaba.

Ayoyin da suka fi dacewa da halin Sakkwato kuwa na zaman baƙunci ne. A Irmiya 29:7 an umarci Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce tasu. Yusufu ya yi wa Fir'auna aiki, Daniyel ya yi wa sarakunan Babila, Ishaya 45 ma ya kira Sairus, sarkin Farisa wanda ba Bayahude ba, zaɓaɓɓen Ubangiji. Da waɗannan ake nuna cewa zaɓen wanda ba addininku ɗaya ba ba zunubi ba ne. Ma'aunin ɗan takara kuma daga Fitowa 18:21 ake ɗauko shi, shawarar da Yetro ya ba Musa: a nemo masu iyawa, masu tsoron Allah, amintattu, masu ƙin cin hanci. Babu sunan ƙabila ko jam'iyya a cikin jerin.

Matsayin ikkilisiya da na doka

Katolika ce ta fi rubuta matsayinta dalla-dalla. Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka rufe a 1965, ya ce jefa ƙuri'a haƙƙi ne kuma nauyi ne a kan ɗan ƙasa, amma Ikkilisiya ba ta ɗaure kanta da wani tsarin siyasa ba. Dokar cocin ta hana limamai riƙe muƙamin mulki da shiga harkar jam'iyya gadan-gadan. A kan haka ne Bishop na Gboko ya dakatar da Rabaran Fada Hyacinth Alia daga hidima a 2022, lokacin da ya nemi gwamnan Binuwai a APC, kujerar da ya ci a shekara mai bi. Majami'un Fentikos sun fi sassauci: Yemi Osinbajo fasto ne a cocin Redeemed duk tsawon shekara takwas da ya yi yana mataimakin shugaban ƙasa. Shaidun Jehobah kuwa ba sa zaɓe sam.

Ta fuskar doka, Tsarin Mulki na 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, ya kuma hana jam'iyya ɗaukar suna ko alama ta addini. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana kamfe a wuraren ibada. A aikace dai layin siriri ne. Fasto ba zai ambaci suna a bagade ba, amma zai ce kowa ya tabbata katin zaɓensa yana hannu, ya zaɓi wanda lamirinsa ya ba shi, jama'a kuma su fita sun gane inda aka dosa. Sauran maganar a bakin ƙofar coci ake ƙarasa ta, da taron zumuntar mata, da zaurukan WhatsApp.

Tarihi a taƙaice

Rabuwar kan Kiristocin Arewa a kan jam'iyya ta girmi 'yancin kai. A shekarun 1950 wasu, irin su Fasto David Lot da Joseph Tarka, sun bi hanyar jam'iyyun tsakiyar Najeriya da suka dunƙule suka zama UMBC. Wasu kuma sun ga zama a cikin NPC ta Sardauna Ahmadu Bello ya fi amfani, kamar Michael Audu Buba wanda ya yi minista a gwamnatin Jihar Arewa. Gardamar ita ce har yau: a ja daga a waje, ko a shiga ciki a nemi rabo.

A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 jam'iyyar SDP ta tsai da Abiola da Kingibe, dukansu Musulmi, Kiristoci da yawa suka zaɓe su ba tare da wani ce-ce-ku-ce ba. Sakkwato kuwa Bashir Tofa ta bi, wanda mataimakinsa Kirista ne. Abin da ya sauya lissafi shi ne ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999 da Sakkwato a 2000, duka a hannun gwamnonin jam'iyyar APP. Daga nan Kiristocin Arewa da dama suka riƙa kallon PDP a matsayin mafaka.

Zaɓen 2023

Wannan zaɓe ne ya fi jarraba batun. APC ta fito da tikitin Musulmi da Musulmi, Bola Tinubu da Kashim Shettima, CAN ta fito fili ta ƙi shi. Babachir Lawal da Yakubu Dogara, manyan Kiristoci a jam'iyyar, sun juya wa tikitin baya. Simon Lalong, gwamnan Filato a lokacin kuma ɗan Katolika, shi ya jagoranci kamfen ɗin. Dukansu uku Kiristocin Arewa ne 'yan jam'iyya ɗaya, kowa kuma yana cewa gaskiya ya bi.

PDP ma ba ta tsira ba. A watan Mayun 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi Allah wadai da kisan. An wallafa irin wannan saƙo a shafin Atiku Abubakar, ɗan takarar PDP, sai aka goge shi, daga baya ya ce ba da izininsa aka sa ba. Kiristoci da yawa sun riƙe abin a zuciya, wasunsu suka koma wa Peter Obi na jam'iyyar Leba. A sakamakon jihar, Atiku ya sha gaban Tinubu da 'yar tazara, Obi kuma ya zo can baya nesa.

Zaɓen jiha

A nan lissafin ya fi sauka ƙasa. Abubuwan da shugabannin coci suke kai wa 'yan takara sanannu ne: filin gina majami'a da takardar mallakarsa, maƙabarta, malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, kujerun ziyarar Urushalima, da tsaron shaguna idan gari ya rikice. Sauran damuwar kuwa ta kowa ce, domin 'yan bindigar gabashin jihar, tsadar abinci da albashi ba su tambayar addinin mutum. Ƙuri'un tsiraru ba abin rainawa ba ne a jihar da Aminu Waziri Tambuwal ya ci zaɓen gwamna na 2019 da ratar ƙuri'a 342 kacal.

Sayen ƙuri'a shi ne inda wa'azi ya fi yin zafi, a coci da masallaci baki ɗaya. Fastoci sukan kwatanta mai karɓar taliya ko atamfa ranar zaɓe da Isuwa, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate. Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne gudummawar da 'yan siyasa suke kai wa majami'u lokacin gini ko bikin godiya, wadda takan ɗaure bakin shugabanni.

Bishop Kukah ya ɗauki wata hanya dabam: sukar masu mulki ba tare da riƙe katin jam'iyya ba. Saƙonsa na Kirsimetin 2020, wanda ya zargi gwamnatin Buhari da fifita nata, ya sa wata ƙungiyar Musulmi a Sakkwato ta nemi ya ba da haƙuri ko ya bar jihar, fadar shugaban ƙasa kuma ta ce yana da 'yancin zama inda ya so. Shi da Sarkin Musulmi suna cikin Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, wanda tun zaɓen 2015 yake sa 'yan takarar shugaban ƙasa su sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya.