Tarihin majalisun dokoki da siyasar jam'iyyu a karkarar Kano da Jigawa

Ƙasar da a yau ta rabu zuwa jihohin Kano da Jigawa ita ce Turawan mulkin mallaka suke kira Lardin Kano, wanda ya ƙunshi masarautar Kano da masarautun Haɗejiya da Gumel da Kazaure. Mutanen karkarar wannan lardi sun yi kusan shekara hamsin a ƙarƙashin Ingila kafin a fara tambayarsu wanda zai wakilce su a wata majalisa, matansu kuwa sai da aka ƙara wasu shekaru 25 kafin su jefa ƙuri'a.

Kafin majalisa

Sojojin Lugard sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, bayan sun fasa ganuwar Bebeji a kan hanyarsu daga Zariya. Haɗejiya ta riƙe har 1906, lokacin da aka kashe Sarki Muhammadu a fagen fama. Mulkin da ya biyo baya ya tsaya ne a kan En'e, wato hukumar gargajiya da ke hannun sarki: Razdan, Baturen da ke kula da lardi, yana saman sarki, sarki yana saman hakimi, hakimi yana saman dagaci da mai unguwa. Aikin da talaka ya fi sanin wannan tsari da shi shi ne karɓar haraji da jangali.

An haɗe Kudu da Arewa a 1914. Tsarin mulkin Clifford na 1922 ya kafa majalisar dokoki a Ikko mai kujeru huɗu na zaɓe, uku na Ikko, ɗaya na Kalaba, amma ikonta bai shafi Arewa ba. Gwamna ne yake yi wa Arewa doka da sanarwa.

Tsarin Richards da na Macpherson

Tsarin mulkin Richards, wanda ya fara aiki a farkon 1947, shi ne ya ba Arewa majalisu biyu a Kaduna, ta Sarakuna da ta wakilai. Ba zaɓe aka yi ba. En'e ce take tura mutanenta, kuma majalisun shawara kawai suke bayarwa. Duk da haka a wannan zaure ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudirinsa na 1950 yana neman a yi wa mulkin En'e gyara, maganar da ba a saba jin irinta a gaban sarakuna ba.

A taron Ibadan na Janairu 1950 wakilan Arewa suka kafe a kan sai an ba su rabin kujerun majalisar tarayya, kuma suka samu. Tsarin Macpherson na 1951 ya ba Arewa kujeru 68 cikin 136, Gabas da Yamma 34 kowacce. Majalisar Kaduna ta samu kujeru 90 na zaɓe.

Zaɓen 1951 shi ne na farko da ya sauka har ƙauye, kuma yadda aka tsara shi ya fi sakamakonsa muhimmanci. Hawa-hawa aka yi shi. Magidanta masu biyan haraji sukan taru a ƙofar dagaci su fitar da wakilai a bainar jama'a, waɗannan su tafi garin hakimi su sake fitar da wasu, a haka har a kai matakin lardi, inda ake zaɓen ainihin 'yan majalisa. A matakin ƙarshe an ba En'e damar ƙara nata mutanen, kimanin kashi goma cikin ɗari. Wanda ya ci a ƙasa yana iya ɓacewa kafin a kai sama, haka kuwa aka yi: 'yan adawa sun yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma yawancin waɗanda suka tafi Kaduna daga lardin hakimai ne da ma'aikatan En'e. Manomin da zai ɗaga hannu a gaban wanda yake yanka masa haraji, kuma yake iya kai shi gaban alƙali, ba shi da wani zaɓi mai yawa.

NEPU da NPC

An kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Cikin waɗanda suka assasa ta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Maitama Sule da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Takenta Sawaba, alamarta tauraro, kuma ta raba al'umma gida biyu a bayaninta, sarakuna da talakawa. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar 'yan boko wajajen 1948 zuwa 1949, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a Oktoba 1951. Takenta Salama, alamarta fartanya.

A karkara rikicin jam'iyyun biyu ya ɗauki siffar da ta bambanta da ta birni. NEPU ta fi samun shiga a garuruwan kasuwa da tashoshin jirgin ƙasa, musamman a kan layin Kano zuwa Nguru da ya ratsa Ringim da Malam Madori, inda ake awon gyaɗa. Teloli da mahauta da 'yan koli da masu gyaran keke da wasu malaman allo su ne ƙashin bayanta, domin sana'arsu ba ta rataya a wuyan hakimi kamar ta mai gona ba. Lacca kuwa sai da izinin En'e, kuma 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk a hannun En'e suke. An ɗaure 'yan NEPU da yawa bisa tuhumar zagin sarki ko yin taro ba izini, wasu kuma an tsananta musu haraji har suka yi ƙaura. Magoya bayan NPC suna ganin jam'iyyarsu ce ta tsare mutuncin Arewa da addini daga 'yan Kudu, suna kuma zargin NEPU da rashin kunya da haɗa kai da jam'iyyar NCNC ta Azikiwe. 

A ƙarshen Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudirin neman mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. An yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, sannan a watan Mayu, da tawagar jam'iyyar AG ta yankin Yamma ta nufo Kano, rikici ya ɓarke tsakanin birni da Fagge da Sabon Gari. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 36 suka mutu. Wannan ne ya kai ga tsarin Lyttelton na 1954, wanda ya mai da Nijeriya tarayya, Sardauna ya zama Firimiyan Arewa.

'Yancin kai da Jamhuriya ta Farko

Arewa ta samu mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959. A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba na wannan shekara aka jefa ƙuri'a kai tsaye kuma a asirce a duk faɗin lardin, kowane ɗan takara da akwatinsa mai ɗauke da alamar jam'iyyarsa. Arewa tana da kujeru 174 cikin 312, NPC ta ci 134, Malam Aminu ya ci mazaɓar Kano ta Gabas. Maza kaɗai suka yi zaɓe a Arewa.

Nijeriya ta samu 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960, ta zama jamhuriya a 1963. A wannan shekarar gwamnatin Arewa ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus bayan binciken kuɗin En'e, aka kai shi Azare. Dalilan da suka jawo haka har yanzu ana saɓani a kansu. Abin da ya bayyana shi ne zaɓaɓɓiyar gwamnatin Kaduna ta fi ƙarfin sarki mafi girman En'e a Arewa. Zaɓen Disamba 1964 ya zo da ƙaurace wa rumfuna da ƙorafin maguɗi, kuma ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da Sardauna, aka rufe majalisu.

Mulkin soja na farko

An ƙirƙiri Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, Audu Bako ya zama gwamnanta. Cikin 'yan shekarun da suka biyo aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, wato yawancin abin da NEPU ta yi shekaru tana nema sojoji ne suka zartar da shi ba tare da majalisa ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo kansiloli, kuma a zaɓensu ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a.

Jamhuriya ta Biyu

Tsarin mulkin 1979 ya bar tsarin Firayim Minista irin na Ingila ya ɗauki na shugaban ƙasa irin na Amurka, da sanatoci 95, biyar daga kowace jiha cikin 19. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu, mai alamar mabuɗi, ta cinye kujerun sanatocin Kano biyar da kujerar gwamna. Gwamnan, Muhammadu Abubakar Rimi, mutumin ƙasar Sumaila, ya soke haraji da jangali tun farkon hawansa, kuma a karkara da wannan aka fi tunawa da shi, sai kuma yaƙi da jahilci. Sule Lamido na Bamaina yana cikin waɗanda suka tafi Majalisar Wakilai a Ikko a tutar PRP.

Ƙuri'un Jihar Kano ne suka haifar da shari'ar zaɓe mafi shahara a tarihin ƙasar. Doka ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Lauyansa Richard Akinjide ya ce biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka a Kano rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'un kawai ake bukata. Abokin takararsa Cif Obafemi Awolowo ya ce jiha ba ta rabuwa, sai dai 13. Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya a Satumba 1979.

PRP ta dare gida biyu, Santsi na su Rimi da Taɓo na waɗanda suka tsaya da shugabancin jam'iyya, rabuwar da ta shiga har cikin gidaje da majalisun hira na ƙauye. Rimi ya kafa sababbin masarautu ya ɗaga darajar wasu a 1981, ya kuma aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli 1981 aka yi tarzoma a Kano, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Rimi ya koma jam'iyyar NPP, ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo, wanda ya soke sababbin masarautun, shi ma wata uku kacal ya yi kafin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983.

Ƙirƙirar Jigawa

Gwamnatin Janar Babangida ta yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, da hedikwata a Dutse. A zaɓen da aka yi da tsarin ƙato bayan ƙato, Ali Sa'ad Birnin Kudu na SDP ya zama gwamnan farar hula na farko a Jigawa, Kabiru Gaya na NRC ya ci Kano. Rabi'u Musa Kwankwaso ya zama mataimakin kakakin Majalisar Wakilai. An soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda a cikinsa Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano, kuma Janar Abacha ya rushe majalisun a Nuwamba.

Daga 1999

Majalisar Tarayya tana da sanatoci 109 da wakilai 360. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, wakilai 24 a Abuja da 'yan majalisar jiha 40. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, wakilai 11 da 'yan majalisar jiha 30. 'Yan Kano biyu sun riƙe kakakin Majalisar Wakilai a jere, Salisu Buhari, wanda ya sauka cikin makonni, da Ghali Umar Na'Abba har 2003. Majalisar Dattawa ta yi watsi da ta-zarcen Shugaba Obasanjo a Mayu 2006, kuma a 2015 jam'iyyar adawa ta kayar da shugaba mai ci a karon farko.

Jigawa ta yi gwamnoni Saminu Turaki da Sule Lamido da Badaru Abubakar da Umar Namadi. A 2019 majalisar dokokin Kano ta yi dokar kafa masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, majalisar da ta gaje ta kuma ta soke dokar a Mayu 2024, maganar ta koma kotu.