Kafin buldoza ta shiga fili, a duba sheƙar tsuntsaye

Da yawa daga masu gini a Maraɗi ba su san cewa fasa ƙwan tsuntsun daji farauta ce a idon doka ba. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, ba harbi da ɗana tarko kaɗai ta ƙirga ba. Ta haɗa har da kwasar ƙwai da lalata su, ta kuma ce ba mai yin farauta sai da takardar izini. Ke nan leburan da ya kakkaɓo sheƙa da ƙwai a ciki don a samu wurin kafa tsani ya taka doka, ko da bai taɓa riƙe baka ba. Saran itace kuma yana ƙarƙashin dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004. Mallakar fili ba ta ba mutum ikon kayar da gawo don ya ga dama. Sai ya nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Manyan ayyuka irin su hanya, gada da masana'anta su kuma sai sun bi ta binciken tasirin aiki a kan muhalli, bisa doka 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018, kuma BNEE, hukumar ƙasa mai tantance tasirin ayyuka a kan muhalli, ita ce ke duba wannan.

Matsalar ta fi tsanani ne saboda lokaci. Mai fili yana son ya share ya haƙa harsashi a Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka, daidai lokacin da shamuwa ke isowa tana ɗaukar kirare. Shamuwa takan yi ƙwai biyu ko uku, ta kwanta a kansu kamar kwana 30, 'ya'yan kuma su yi wajen wata biyu kafin su tashi. In ta zauna a kan itacen da ke filinku a Mayu, ku ɗauka itacen nan nata ne har Agusta. Manomi ya san amfaninta, don fara da tsutsar gona take ci. Balbela ma da damina take gina sheƙa, jama'a guda a kan itace ɗaya, har itacen ya yi fari fat da kashi.

Angulu ita kuwa da rani take nata, can ƙololuwar dogon itace, kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Kwanci kusan kwana 50, renon ɗa wata uku zuwa huɗu. In aka kayar da itacen, haihuwar shekarar ta tafi ke nan. Tun 2015 aka sa irin angulun nan ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma duk wanda ya san mahautar gari shekarun baya ya ga yadda ta ragu. Saboda haka lokacin da ya fi sauƙin share fili shi ne bayan girbi, Oktoba zuwa Nuwamba: shamuwa ta wuce kudu, balbela ta watse. Ko a lokacin ma sai an ɗaga kai an duba manyan itatuwa.

Dubawar ba ta buƙatar kuɗi. Mutum biyu sun isa, da sassafe bayan sallar asuba har hantsi, lokacin da iyaye ke kai-kawo da abinci. Kada a fara da leƙe. A tsaya nesa minti 15 zuwa 20 ana kallo: wane tsuntsu ke shiga wuri ɗaya yana fita, wane ne ke ɗauke da ciyawa ko ƙwaro a baki. Sannan a taka filin a jere, tsakanin mutum da mutum kamar mita biyar, ido a ƙasa. A yi haka kwana ɗaya ko biyu kafin injin ya shigo, kada a wuce haka, domin kurciya na iya haɗa 'yan tsinkayenta ta yi ƙwai cikin mako guda. Dubawar da aka yi watan jiya ba ta da amfani yau.

Wuraren da aka fi mantawa su ne waɗanda sheƙar ba ta fito fili ba. Cilakowa a kogon itace take zama, macen ta toshe bakin kogon daga ciki da laka da kashi, ta bar 'yar tsaga da namiji ke miƙo mata abinci, fukafukanta kuma su zube. Mai sara ba zai ga komai ba, ita kuwa ba ta iya tashi. In kun ga cilakowa na yawan sauka a jikin kututture da abinci a baki, akwai rai a ciki. Zakaran ƙeƙuwa a ƙasa yake ƙwai, cikin ɗan gurbi a fili tsirara, ƙwan da launin tsakuwa, musamman a filayen da ke kusa da Gulbin Maraɗi da tafkin Madarunfa. In yana kuka yana kawo muku sura, kuna dab da gurbin. Akwai kuma 'yan korayen tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma da ke haƙa rami a gaɓar yashi. Masu ɗibar yashi da burji su lura da ƙananan ramuka a jikin gaɓa kafin shebur ya shiga.

In an samu sheƙa da ƙwai ko 'ya'ya, a kafa turaku a zagaye da igiya, a gaya wa kowa, har direban da ke kawo yashi. Ga kurciya da ire-irenta mita biyar kan wadatar ga aikin hannu. Gurbin ƙasa a ba shi mita 20 zuwa 30, shamuwa ma haka in akwai injin kwaɓa siminti ko janareta. Angulu a ba ta mita 50 ko fiye. Ainihin ma'aunin dai uwar ce: in tana tashi duk lokacin da aka motsa, igiyar ta yi kusa, a ja da baya. A nan ƙasar ba sanyi ke kashe ƙwai ba, rana ce. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, uwa na zaune ne tana yi wa ƙwai inuwa, in aka kore ta da tsakar rana ɗan da ke ciki ya dahu, ko hankaka da shirwa su riga ta dawowa. Aikin da ya zama dole a yi kusa da igiya, a yi shi da safe, a gajarta.

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne ɗauke sheƙa a mayar da ita wani itace. Yawancin iyaye wurin suka sani, ba sa bin sheƙar, sai 'ya'yan su mutu da yunwa. Jiran ma ba shi da tsawo yadda ake zato. Kurciya mako biyu kwanci, mako biyu reno, cikin wata guda ta gama. Magini mai dabara sai ya juya aikin: a buga bulo, a ja katanga ta wancan gefen, a haƙa masai, kafin a dawo nan. In babu yadda za a kauce, ko tsuntsun angulu ne ko shamuwa, a je ofishin muhalli na jiha ko na gari a sanar, ma'aikatan gandun daji su zo su gani. A ɗauki hoto da waya, a rubuta rana da sunan wanda ya zo. Wannan takardar ce za ta kare ɗan kwangila in magana ta taso.

Ginin da aka tsayar saboda kuɗi sun yanke shi ne ya fi jan tsuntsaye. Mujiya na shiga saman silin, tsattsewa na manna laka a ƙarƙashin baranda. Ranar da za a dakatar da aiki, a rufe tagogi da ramukan iska da ragar waya mai ƙananan ido, a toshe bakin bututu, a lulluɓe tarin katako. Amma sai an tabbatar ba kowa a ciki; toshe rami da 'ya'ya a ciki kisa ne, ga wari na makonni. Alamar mujiya ita ce dunƙulen gashi da ƙasusuwan ɓera a ƙasa. Duk da camfin da ake yi mata, ɓera take kwashewa a unguwa, kuma wata uku ya ishe ta ta fitar da 'ya'yanta. Kada a yi amfani da ragar kamun kifi ko tsohon gidan sauro wajen rufewa, tsuntsu na sarƙewa a ciki ya mutu.

Bayan sun tashi, mai share wurin ya yayyafa ruwa a kan busasshen kashi kafin ya sa tsintsiya, ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu, don ƙurar na cutar da huhu. In kuwa aka tarar da matattun tsuntsaye da yawa wuri ɗaya, kada a taɓa, kada a bar yara su ɗauka, a kira ma'aikatan kiwon dabbobi. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magariya a 2006, kuma daga tsuntsun daji tana iya shiga akurkin kaji.